Darasin furomotocin ƙwayar T7

T7 ƙwayar birus ce da ke cin bakteriyar E. coli, kuma a zafin digiri 30 takan fasa ta cikin kusan minti 25. Abin da ke rikita ɗalibai shi ne yadda take sanin wane furotin za ta fara haɗawa, wane kuma za ta bari sai daga baya. Amsar tana wurin furomota, wato gurbin da folimeras, inzam mai kwafar DNA zuwa RNA, ke sauka ya fara aiki.

DNA ɗinta mai harufa kusan 40,000 ba ya shiga gaba ɗaya. Gefen hagu ke fara leƙawa, ɗauke da furomotoci uku, A1, A2 da A3, waɗanda folimeras ɗin bakteriyar ke ganewa. Da hannun mai gida ake haɗa folimeras ɗin T7, sannan furotin na jin 2 (jin shi ne yankin DNA mai ɗauke da umarnin haɗa furotin) ya toshe na mai gidan. Wannan kwafar ce ma ke jawo sauran DNA ɗin ciki.

Daga nan furomotoci 17 na T7 ke karɓar aiki, kowane harufa 23, daga -17 zuwa +6, inda +1 ne harafin da ake fara kwafa. Bayan na farkon nan, rukuni biyu suka rage. Na rukuni na biyu, masu kula da ninka DNA, sun ɗan kauce wa cikakken jerin, don haka raunana ne. Na rukuni na uku, masu gina kai da wutsiya, ƙarfafa ne. Idan laisozim, furotin na jin 3.5, ya taru, sai ya riƙe folimeras ɗin. Raunanan su fara yin shiru, ƙarfafan su ci gaba. Wannan dabarar, a ganina, ta fi komai kyau a tsarin.

A ɗakin gwaji, inda ake aron wannan tsarin don sa bakteriya ta haɗa furotin da ake so, nan ake tuntuɓe. A nau'in E. coli mai suna BL21 DE3, furomotar lacUV5 mai kula da haɗa folimeras ɗin T7 na yoyo ko ba a zuba IPTG, sinadarin da ke kunna ta, ba, kuma ɗan folimeras kaɗan ya isa. In furotin da ake so mai guba ne, ƙwayoyin da suka riƙe filasmid, ɗan zoben DNA mai ɗauke da jin furotin ɗin, su mutu, marasa shi su cika kwalba. Maganin shi ne gulukos kashi 1 cikin ɗari, ko filasmid ɗin pLysS mai samar da laisozim ɗin nan. A kwafar RNA cikin bututu kuwa, a tabbata harafin G ne a +1 da +2, in ba haka ba abin da za a samu bai taka kara ya karya ba.