Kwana nawa a wata? Abin da bayan kanta ya koya mini game da ciwon ɓarin kai

Masu ciwon ɓarin kai ba su cika zuwa kantin magani da sunan ciwonsu ba. Da sunan magani suke zuwa. Wannan ta ce a ba ta panadol mai Extra, wancan ya ce a haɗa masa na maleriya da na taifod, wani kuma ya rage murya ya tambaya ko akwai "mai ƙarfin nan". A makaranta an koya mana ciwon da magungunansa, mun haddace, mun ci jarrabawa. Amma yadda ake tono shi daga bakin mutumin da ya zo da kuɗinsa a hannu, yana sauri, wannan sai da na tsaya a bayan kanta na koye shi.

Ciwon yana da kamanninsa, kuma in ka bar mutum ya yi magana minti biyu za ka gane shi. Kan yana sara ne tare da bugun jini, galibi ɓari ɗaya, ta bayan ido ko tsakanin ido da kunne. Zuciya tana tashi, wani lokaci har amai. Haske da hayaniya su zama abokan gaba. Motsi yana ƙara shi, shi ya sa mata da yawa ke ce mini a sujada suke jin kamar kan zai tsage. In ba a yi magani ba yana ɗaukar awa 4 zuwa 72, sannan ya sauka don kansa, mutum ya warware kamar bai taɓa ciwo ba.

Wannan saukar da yake yi don kansa ita ke ruɗin mutane. Maganin maleriya na zamani kwana uku ake sha. Ciwon ɓarin kai ma iyakarsa kwana uku. Sai mutum ya sha na maleriya, ranar da ya gama kan ya lafa, ya ce ai ga shi nan, da ma maleriya ce. Wata mai zuwa ciwon ya dawo, ya sake saye. Akwai waɗanda suka shekara da shekaru a haka, ba a taɓa ɗiban jininsu an ga ƙwayar cutar ba.

Wasu kuma, wajen mutum ɗaya cikin uku ko huɗu na masu ciwon, kafin kan ya fara sai ganinsu ya rikice. Su ga walƙiya, ko wani zane mai ƙyalli kamar haƙoran zarto yana tafiya a gefen ido, ko rabin fuskar wanda ke gabansu ya ɓace. Wani hannunsa ko leɓensa ya yi dindiris. Abin yakan ɗauki minti 5 zuwa awa ɗaya ya wuce. A gida da yawa da an ji haka sai a ce iska ce, a nemi mai ruƙiyya. Ba na jayayya da kowa a kan addu'a. Abin da nake tambayar mace mai irin wannan alama shi ne ko tana shan ƙwayar tazarar haihuwa. In ƙwayar mai ɗauke da sinadarin estrogen ce, haɗuwarta da wannan nau'in ciwon tana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a haɗa su. Sai in ce ta koma inda aka ba ta, ta faɗi alamar da take gani, a canza mata zuwa ashanar hannu ko wata hanyar da ba ta da wannan sinadari.

Darasin da ya fi kowanne zauna mini shi ne na ƙirga. Akwai wata Hajiya mai ɗinki a unguwar da nake aiki, duk bayan kwana biyu sai ta aiko yaro ya sayi kati ɗaya na maganin ciwon kai mai kafeyin, sinadarin da ke cikin shayi da goro. Ranar da ta zo da kanta na gaishe ta, na ce, "Hajiya, a wata kwana nawa kike shan wannan?" Ta yi dariya ta ce, "Wane wata kuma, ɗan nan? Ai in ban sha da asuba ba, ba na iya zura zare a allura." Da na bi ta a hankali sai ga labarin: tun tana budurwa take ciwon ɓarin kai, amma a da sau ɗaya ko biyu yake zuwa a wata. Yanzu kullum da shi take tashi, ba mai tsanani sosai ba, nauyi ne dai da ba ya barin ta.

Likitoci sun san wannan, suna da suna da ma'auni a kansa: ciwon kan da yawan shan magani ke haifarwa. Mai ciwon ɓarin kai in yana shan farasitamol ko ibuprofen ko asfirin kwana 15 ko fiye a wata, har aka wuce wata uku, maganin da kansa yakan koma mai tayar da ciwon. In kuwa maganin haɗi ne mai kafeyin ko kodin, ko tramadol, ko ma magungunan ciwon ɓarin kai kamar ergotamine da sumatriptan, kwana 10 sun isa. Kwanaki ake ƙirgawa, ba yawan ƙwaya ba. Hanyar fita ita ce a daina, kuma ba na ɓoye wa kowa cewa satin farko, wani lokaci har na biyu, kan zai fi da ciwo kafin ya fara sauƙi. Wanda ya saba da kodin ko tramadol kuwa ba ya yanke su rana ɗaya, sai likita ya riƙa rage masa. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan rahoton BBC da ya tona yadda ake shan sa, amma tramadol har yanzu ana tambayarsa da sunan ciwon kai, alhali ba maganin wannan ciwon ba ne.

Ba ƙaramin abu ba ne mai sayar da magani ya ce wa abokin cinikinsa ya rage saye. Masu shago ba sa son jin haka. Amma wanda aka gaya wa gaskiya shi ke dawowa da iyalinsa duka.

Abin da nake ba su a maimakon katin magani shi ne aiki da kalandar bango. Ranar da kai ya yi ciwo a ja layi, ranar da aka sha magani a zagaye, mace kuma ta sa ɗigo a kwanakin al'ada. Bayan wata biyu takardar takan faɗi abin da mai ita bai sani ba. Mata sun ninka maza kusan sau uku a wannan ciwo, kuma da yawansu sai sun ga kalandar suke gane cewa nasu yana zuwa ne kwana biyu kafin jini ko a kwanakinsa na farko.

Sai dai ga inda abin yake da wuya: magani yana so a sha shi da wuri. Da ciwon ya kankama, ciki yana rage aiki, ƙwayar da aka haɗiya bayan an fara amai sai ta zauna ba ta shiga jini ba. Saboda haka mai dauriya, wanda ke cewa bari in ga ko zai wuce, shi ya fi shan wahala. Babba wanda ba shi da olsa, ba ciwon ƙoda, ba juna biyu, ibuprofen 400 mg ko asfirin 900 mg a farkon sara yakan yi masa aiki, likita kuma yana iya ƙara metoclopramide don tashin zuciya. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin. Sumatriptan, wanda ya fito a 1991 don wannan ciwon musamman, yana da kyau ƙwarai, amma da tsada, ba kowane kanti ke da shi ba, kuma bai dace da mai ciwon zuciya ko hawan jinin da bai daidaita ba. A sha da wuri, kada kuma a sha da yawa. Kalandar ce ke raba wannan gardama: in ciwon ya kai kwana huɗu ko fiye a wata, lokacin maganin rigakafi ya yi.

Magungunan rigakafin tsofaffi ne, masu araha: propranolol, wanda ba a ba mai asma, da amitriptyline da ake sha da dare. Matsalarsu biyu. Ta farko, suna buƙatar wata biyu zuwa uku kafin a ga amfaninsu, mutane kuwa sati ɗaya suke ba su. Ta biyu, takardar cikin kwalin amitriptyline ta ce maganin ciwon damuwa ne, sai a dawo da shi cikin fushi: "Ni za a ba maganin mahaukata?" Yanzu tun kafin in miƙa nake bayani cewa ƙaramin awo ne, don kai aka ba da shi. Valproate kuwa yana aiki, amma ba a ba mace mai iya ɗaukar ciki saboda illarsa ga jariri.

Dogon jerin abincin da ake cewa a guje wa bai taɓa burge ni ba. Abin da na fi gani a nan shi ne tsallake abinci, barcin da ba shi da lokaci, zafin bazara da ƙarancin ruwa, turaren wuta a rufaffen ɗaki, da hayaƙin janareta. Farkon azumi kuwa kantin cika yake, kuma yawanci masu shayi da goro ne da jikinsu ya nemi kafeyin ya rasa. Wanda ya fara ragewa tun Sha'aban, bai bar sahur ba, ya raba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da asuba, yakan samu sauƙi. Ɗaki mai duhu, tsumma mai sanyi a goshi, da barci suna taimakawa. Ɗaure kai da ɗankwali da shafa man zafi ba sa cutarwa, ba na hana su.

Akwai kuma waɗanda ba na sayar musu da komai. Wanda ciwon ya faɗo masa farat ɗaya, mafi tsanani a rayuwarsa. Mai zazzaɓi da sandarewar wuya, musamman a watannin zafi da ƙura lokacin sanƙarau. Wanda hannu ko baki ya karkace, ko ya bugu a kai, ko ya haura shekara 50 sannan sabon ciwon kai ya fara masa. Mai ciki da ta zo da ciwon kai, ƙafa a kumbure, gani yana dishi-dishi, zaunar da ita nake in auna jininta a take, don jijjiga ba ta jira. In ya hau, ɗan rakiyarta ya tare adaidaita sahu, in rubuta awon a takarda su tafi da shi asibiti.