Kafin ka haddace ƙa'ida, gwada ta a kan ƙaramin misali

Ƙannena masu shirin digiri na biyu a lissafi, musamman waɗanda hankalinsu ya karkata ga nazarin ofareto, wato aikin da ke ɗaukar abu kamar jerin lambobi ya mai da shi wani, bari in gaya muku abin da ya ci mini lokaci.

Manyan sunaye ne suka ja ni fannin. Na ji yadda Murray da von Neumann suka aza tubalin aljabarar ofareto a 1936, da yadda Vaughan Jones ya bi ta cikinta ya gano sabuwar hanyar bambance ƙulli a 1984, har ya samu lambar Fields, babbar lambar yabo ta masana lissafi, a 1990. Sai na duƙufa haddar ƙa'idoji da hujjojinsu, ina ganin zama da ƙananan misalai aikin 'yan aji ɗaya ne.

Asirina ya tonu ranar da na kai wa malamina wata hujja. A tsakiyarta na ɗauka cewa a ofareto biyu A da B, in AB ya ba da 1, wato ya bar komai yadda yake, to BA ma 1 zai bayar. A matiris, wato jadawalin lambobi, mai layuka ƙidayayyu, wanda layukansa na kwance da na tsaye yawansu ɗaya, haka abin yake. Malam bai yi faɗa ba, ya ce kawai in gwada a kan ofaretan turi.

Ku ma ku gwada yanzu. Ɗauki jerin lambobi marar ƙarshe: a, b, c, har gaba. Tura kowacce gaba taki ɗaya, ka sa sifili a gurbin farko. In ka janyo su baya, jerinka ya dawo yadda yake. To juya tsarin, ka fara da janyowa. Nan take lambar farko, wato a, ta faɗi, kuma duk turin da za ka yi daga baya sifili zai zauna a mazauninta. Wannan ɗan misali ya rushe aikin da na daɗe ina ginawa, kuma a ranar na fara gane me ake nufi da sarari marar iyaka.

Don haka ku tanadi littafi guda na misalai kawai. Duk ƙa'idar da kuka karanta, ku gwada ta a kan matiris mai layi biyu, sannan a kan turi, sannan a kan ninkawa da x tsakanin 0 da 1. Ku cire sharaɗi ɗaya ku ga inda za ta karye. Da hannu, da biro.

Kuskurena na biyu raina maƙwabta ne. Na riƙa ƙauracewa laccocin masu lissafin kwamfuta, wai ba layina ba ne. Alhali tambayar da Kadison da Singer suka yi a 1959 ta gagari masana fanninmu fiye da shekara hamsin, sai a 2013 Marcus da Spielman da Srivastava suka warware ta. Biyu daga cikinsu a kimiyyar kwamfuta suka taso, kuma da matiris ƙidayayyu da saiwoyin folinomiya, wato lambobin da ke mai da lissafi irin x² − 1 sifili, suka yi aikin.