Godiya Ga Mutanen Lanao Da Suka Karrama Baba

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an yi bikin kammala karatuna a ƙasar Filifin lami lafiya, Baba kuma ya isa Kano cikin ƙoshin lafiya. Ina godiya ga malamaina, da ɗalibai 'yan gida da suka yi ta ɗawainiya da mu, da duk wanda ya bugo waya ko ya yi addu'a. Allah ya bar zumunci.

Godiya ta musamman kuwa ta iyayen abokin karatuna ce, mutanen ƙabilar Maranao da ke bakin tafkin Lanao a tsibirin Mindanao. Da suka ji mahaifina ya taso tun daga Najeriya, sai suka ce bai isa ya koma bai taka gidansu ba. Suka shirya masa pagana, walimar da suke yi wa babban baƙo. Aka baje abinci a kan manyan farantan tagulla masu ƙafa, muka zauna a ƙasa, ga palapa, yajinsu na citta da barkono da wata irin albasa, wanda sai da ya sa Baba gumi. Mata suka jera kulintang, ƙananan kugen tagulla guda 8, suka yi ta kaɗawa. Mama, mahaifiyar abokina, Allah ya saka da alheri. Malong ɗin da kika ba Hajiyarmu, wato zanenku na gargajiya, mai adon saƙa da ake kira langkit, ya isa hannunta.

Kawun abokina shi ya kai mu Tugaya, garin masu sana'a, inda ake zubin tagulla da sassaƙa da saƙa gida-gida. Baba ya daɗe yana sayar da kayan tagulla a Kasuwar Kurmi, ba abin da ke saurin burge shi. Amma ya tsaya kan wani dattijo da ke fitar da zanen okir a jikin katako, reshe na murɗewa yana haifar wani reshen, kamar aikin allura a gaban babbar riga, har aka kira la'asar bai motsa ba. Ba Hausa, ba Maranao, da hannu suka yi hirarsu. Kawu, mun gode da haƙurin jira.

Mun kuma ga torogan na Kawayan a Marantao, irin gidan sarakunansu na dā, ginshiƙansa a kan duwatsu saboda girgizar ƙasa, ƙarshen katakansa sun fito waje da sassaƙa. Ya tsufa ƙwarai, kuma a ganina ya fi ƙarfin kulawar da yake samu.

Waɗannan bayin Allah da suka karɓe mu suna cikin waɗanda yaƙin birnin Marawi na 2017 ya raba da muhallinsu, wata 5 ana ɓarin wuta, har yau ba su gama farfaɗowa ba. Duk da haka ko sisi ba su bari mun kashe ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa su a addu'a. Allah ya mayar musu da abin da suka rasa, ya zaunar da garinsu lafiya, amin.