Manja a jakar yadi: yadda na fitar da shi ba tare da na jiƙa ta ba

Jakar da zan yi magana a kanta ba mai tsada ba ce. Ta yadin auduga ce mai kauri, ruwan madara, da hannu na fata, kuma na saye ta ne a kasuwar Sabon Gari ta Kano shekara 3 da suka wuce. A watan jiya na je suna a maƙwabta, aka ƙulla mini alala da manja a leda, na jefa a jaka ba tare da na duba bakin ledar ba. Ko da na dawo gida, manjan ya ratsa shafin ciki ya ɓullo ta waje, ya bar jan tabo mai faɗin tafin hannu.

Da a da ne, da na tsoma ta a bokiti na zuba omo na bar ta ta kwana. Na taɓa yi wa wata jaka haka, kuma a ranar na san cewa masu ɗinki suna sa kwali a gindin jaka domin ta tsaya da kanta. Kwalin ya sha ruwa ya dagargaje, zif ya yi tsatsa, launin shafin ya zuba a kan yadin waje, jakar ta koma kamar buhu. Saboda haka a wannan karon na ƙudurta cewa ruwa ba zai taɓa ko'ina ba sai inda ya zama dole.

Na fara da zazzage kayan ciki, na jawo shafin waje, na kakkaɓe ƙura da busasshen buroshi. Mutane suna raina wannan mataki, alhali ƙurar da ta kwanta a saƙar yadi tana haɗuwa da ruwa sai ta zama laka, mai neman fitar da tabo ta wayi gari da taɓo. Daga nan na danna tsohon farin tsumma a kan manjan domin ya tsotse abin da zai iya tsotsa. Dannawa na yi, ban goga ba, domin gogawa tura mai take yi cikin zare, ta kuma ƙara wa tabon faɗi. Sai na barbaɗa garin sitaci har ya rufe wurin ciki da waje, na ajiye jakar ta kwana. Da safe garin ya koma ruwan ɗorawa, alamar ya ja man. Wadda ba ta da sitaci, hodar jarirai ko garin masara mai laushi za su yi mata wannan aiki.

Bayan na kakkaɓe garin ne na ɗauko sabulun ruwa na wanke kwanuka, wanda dama don karya maiƙo aka yi shi. Na diga kaɗan a rabin kofi na ruwan ɗumi, na fara gwadawa a wani lungu na ƙasan jakar, na jira minti 10 domin in ga ko launin zai motsa. Wannan gwaji ya fi zama wajibi ga jakar atamfa ko ta rini, domin wasu suna zuba da ruwa kawai. Da na ga babu matsala, sai na shimfiɗa tawul a ƙarƙashin yadin, na riƙa bi da tsohon buroshin haƙori a hankali, daga gefen tabon zuwa tsakiyarsa, ina ɗauke kumfar da ɗanyen tsumma mai tsabta. Sau 3 na maimaita, kuma kowane karo tawul ɗin ƙasa yana ɗaukar wani abu daga cikin jan.

Maiƙon ya tafi, amma wata inuwa rawaya ta ƙi. Jan manja yana fitowa ne daga karotin, sinadarin da yake ba karas launinsa, kuma hasken rana yana kashe shi. Na naɗe hannun fatar da tsumma, na ajiye jakar a hantsi na kimanin awa 2, sai rawayar ta dusashe sosai. Ba zan ba mai jaka mai launi wannan shawara kai tsaye ba, domin ranar da take cin manja ita ce take cin rini. Wata ƙawata ta ce in sa bilic in huta, na ƙi, domin yana cinye zaren auduga, yana kuma barin farin wuri a yadin da ba fari fat ba. Haɗa shi da wani maganin wanki kuwa haɗari ne, yana iya tayar da iska mai guba.

Tun da na riga na zauna, sai na bi sauran tabban da na daɗe ina kau da kai a kansu. Tawadar biro da ke aljihun ciki ta fita da sifirit na kemis a jikin auduga, ina dannawa ina sauya audugar da zarar ta yi shuɗi. Jan-baki ya bi hanyar manja, tunda shi ma da maiƙo a jikinsa. Madara ko jini ruwan sanyi suke so, domin ruwan zafi dafa su yake yi su kama zare. Ɗigon lalle da ke kusa da zif kuwa na haƙura da shi, domin lalle rini ne, kuma ya riga ya kama.

Da wurin ya fara bushewa sai na ga zobe ya fito a kewayensa, daidai inda ruwa ya tsaya. Maganinsa shi ne a goge ɓangaren gaba ɗaya da ɗanyen tsumma, daga ɗinki zuwa ɗinki, domin ya bushe tare. Na cusa busassun tawul a ciki don jakar ta riƙe siffarta, ban sa jarida ba saboda tawadarta tana fita a jikin ɗanyen yadi. Na bar zif a buɗe, na ajiye ta a inuwa gaban fanka har kwana 2, domin jakar da aka rufe da sauran laima a cikinta, musamman da damina, fumfuna take yi. Hannun fatar na goge shi kawai, na shafa masa ɗan man kaɗanya, ya ɗan yi duhu amma ya yi laushi.

Har yanzu akwai ɗan alama a bakin ɗinkin ƙasa, inda buroshi bai iya shiga ba. Na miƙa wa ƙanwata jakar na ce ta nemo wurin, ta juya ta sau biyu a hannunta ba ta gani ba, sai da na nuna mata da yatsa.