Abin da na koya wajen buga maƙala kan shari'ar ƙananan yara

Maƙalata kan yaran da ke faɗawa hannun hukuma ta fito a wata mujallar nazarin shari'a, kuma ba abin da ya ci mini lokaci a cikinta kamar batun shekaru.

A takarda komai a fili yake. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, jihar Kaduna kuma ta yi tata a 2018. Sashe na 50 na Penal Code, dokar hukunta laifuka ta Arewa, ya ɗauke laifi daga ɗan ƙasa da shekara 7, daga 7 zuwa 12 kuwa sai an duba wayonsa. Malaman Malikiyya alamun balaga suke dubawa. Wannan duk a laburaren Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo a Zariya na haɗa shi.

Sai na fara zama a bencin baya na wata kotun majistare. Aka shigo da wani yaro kan zargin satar waya, silifas ɗinsa ɗaya a tsinke, ko murya bai buɗe ba, amma takardar tuhuma ta ce shekararsa 19. Ba takardar haihuwa. Uwar ta miƙe tana rawar murya: "Ranka ya daɗe, bana ne fa ya fara kai azumi." Wannan lambar ta shekaru ce za ta yanke ko gidan kangararrun yara za a kai shi, ko cikin manya zai kwana. Har yau abin na damuna.

Masu tantance maƙalar a mujallar, waɗanda ban san su ba, su ma ba su san ni ba, nan suka fi matsa mini. Ɗaya ya ce in rage jero sassan doka, in faɗaɗa abin da na gani a kotu. Ɗayan ya tambayi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yadda na ɓoye yaran. Gaskiyarsa. A Zariya sauya suna kaɗai ba ya isa, kana ambatar unguwa da sana'ar uba an gane gidan, don haka na cire su duka.

Akwai mujallun da ke turo saƙo, wai ka biya su buga maka cikin mako guda. Mai neman ƙarin girma yana iya ruɗuwa, amma ba wanda zai karanta aikinka ya gyara, alhali magana ce ta 'ya'yan mutane.

Da ta fito, na taƙaita ta da Hausa a shafi ɗaya, na raba wa masu unguwanni da malaman tsangaya, ina roƙon a yi wa yara rajistar haihuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.