Ranar da na ga inda Landan ta kafa jirgin yaƙi a tsakiyar gari

Kawuna da ya daɗe a Landan ya ce ba zan koma gida ba sai ya kai ni dandalin Trafalgar. Muka sauka daga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Charing Cross, da fitowarmu sai ga doguwar hasumiyar Nelson da zakunan tagulla huɗu, yara na ta ɗare bayansu ana ɗaukarsu hoto.

"Ka ga nan, ɗana?" in ji Kawu. "A watan Maris na 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, nan aka kafa jirgin sama mai jefa bam, Lancaster, sukutum da guda."

Makon tara kuɗin jiragen sama ne, an ɗora wa Landan tara fam miliyan 150. Sojoji na fareti da badujala, an jera bama-bamai kusa da jirgin, mutane na sayen kan sarki na ajiya suna mannawa a jikin bam, wai saƙo ne zuwa ga Hitila. Kusan kowace shekara da nata makon: na makamai, na jiragen ruwa a 1941 zuwa 1942 inda gari kan ɗauki wani jirgi ya ce nasa ne, sai na gaishe da soja a 1944.

Na ce, "Kawu, ashe Turawa ma suna da kyauta haka?"

Ya yi dariya har da tari. Rance ne, ba kyauta ba. Kan sarki na sisi ake tarawa a ɗan littafi, in ya kai sule 15 a ba mutum takardar ajiya, bayan shekara goma ta haura fam guda. Kuma kuɗin gari ba su ne ke ƙera jirgin da aka ce nasu ba, baitulmali suke shiga. Abin da ya dami gwamnati shi ne albashi ya ƙaru a masana'antu alhali kaya sun yi ƙaranci a kanti. In aka bar kuɗin a aljihu, farashi zai tashi. Kwamitin ajiya na ƙasa, ƙarƙashin Lord Kindersley, ya gane cewa ba ka tara jama'a da wa'azin hauhawar farashi, amma ganga da jirgi za su cika maka fili. Ni dai na ga wayo a nan, kuma ban kira shi zamba ba, tunda mai kuɗi yana karɓar abinsa da riba.

Muka bi ta ƙofar Admiralty muka hau titin Mall, inda aka yi faretin nasara ranar 8 ga Yuni 1946, da sojojin Afirka ta Yamma a ciki, rundunar da ta kai kakanninmu ƙasar Bama.

Washegari na tafi gidan tarihin sojan sama da ke unguwar Hendon a Landan ni kaɗai, don gwiwar Kawu ta ƙi. Can akwai Lancaster na gaske, baƙi wuluk daga ƙasa, inji huɗu, mutum bakwai ke aiki a cikinsa. A gefen hancinsa an zana ƙananan bama-bamai layi-layi, kowane na nufin fita ɗaya, ya fita sau 137. Na zagaya ƙarƙashin fiffikensa ina mamakin wahalar da aka sha kafin a kwance irinsa, a ratsa titunan Landan da shi a manyan motoci, a sake haɗa shi a gaban zakunan nan.