Godiya ga mutanen Aboabo ta Kumasi, bayan ruwa da taron 'yan aji biyu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an yi taron nuna aikin kwamfuta na ɗalibaina 'yan aji biyu an tashi lafiya. Tun daren Asabar nake son rubuta wannan, da na zauna sai barci ya sace ni da waya a hannu, muryata ma har yanzu ba ta gama dawowa ba. Ba sai na maimaita muku labarin ruwan nan da ya shiga ajinmu da dare ba. Kun ga hotuna, wasunku ma da ƙafarku kuka shiga taɓo kuka taya mu kwashe littattafai. Kwamfuta 6 muke da su kafin daren, 2 ne suka tashi bayansa.

Abin da ya ƙi barin raina shi ne safiyar. Ina tsaye a ƙofar aji, wando naɗe har gwiwa, sai ga wata ɗalibata, 'yar ƙarama a cikinsu, ta zo ba ta ko gaishe ni ba, abin da ba halinta ba. Ta ce, "Malam, aikinmu yana ciki?" Yana ciki. Aikin zango biyu duk yana cikin babbar kwamfutar da ke ƙasan tebur, wadda ruwa ya shanye. Ban kwafe shi a ko'ina ba, kuma laifina ne, ni da nake yi musu faɗa kullum su adana aiki kafin a ɗauke wuta. Na ce mata ta je gida, za a duba. Wallahi ban san me za a duba ba.

Na san Baba mai gyaran waya na Alabar ba ya son a ambace shi, to ya yi haƙuri, yau kam sai na faɗa. Shi ya kwance kwamfutar, ya zare ma'ajiyarta, ya ce kada wanda ya kuskura ya sa mata wuta sai ta bushe sarai. Kwana uku tana shagonsa. Ranar na huɗu bayan Isha ya kira ni, bai ce komai ba sai karanto mini sunayen ayyukan yara da ya fara yi ɗaya bayan ɗaya, yana tuntuɓe da rubutun. A kan dakalin masallaci na zauna. Da na kai masa kuɗi washegari ya tura mini hannu, ya ce in sayi tebur mai tsawo da su. Baba, Allah Ya tsare maka idonka da hannunka, Ya sa 'ya'yanka su yi maka fiye da haka, Ya haskaka kabarin iyayenka.

Masu tambaya me yaran suka nuna har ake wannan hayaniya: lissafin kasuwa ne da ke cikin darasinsu na JHS, wato ƙaramar sakandare, riba da asara, rangwame, kuɗin ruwa, kashi cikin ɗari, muka mayar da shi manhaja da Scratch. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta fitar da shi, yaro yana jera umarni kamar bulo, kuma yana aiki ko babu intanet, abin da ya sa muka zaɓe shi ke nan. A farkon shekara rabin ajin in ka ce su fitar da kashi 15 na sidi 80 sai kallon rufi. Yanzu kuwa gardama suke da ni. Darasin da ya fi shigarsu na E-Levy ne, harajin tura kuɗi ta waya: ya fara da kashi 1.5 a 2022, ya koma kashi 1 a 2023, aka soke shi a 2025. Wanda ya rubuta adadin a wuri goma cikin manhajarsa, wuri goma zai bi yana gogewa. Wanda ya ajiye shi a ma'aji ɗaya, sau ɗaya zai taɓa. Ban sake yin bayanin ba tun daga ranar.

Amma na susu, wato ajiyar kuɗi ta kullum a hannun mai karɓa, shi ya kwashe jama'a. Hajiya mai waakye ta bakin masallaci, wadda ta ciyar da yaran nan duk yammacin da muka tsaya gyara ba ta karɓi ko pesewa ba, ita ta ba su katinta su gwada. Tana zuba sidi 20 kullum, kwana 31 ya zama 620, mai susu ya ɗauki na kwana ɗaya ya ba ta 600, wato kashi 3 da ɗan ɗoriya a wata. Da allo ya nuna 600 Hajiya ta ce ita a faɗa mata da kuɗin da ta sani. Gabana ya faɗi, don ban koya musu wannan ba. Sai yarinyar nan ta danna wani maɓalli da ban san da shi ba, allo ya rubuta miliyan 6. Ashe kakarta ma har gobe da tsohon kuɗi take ƙirga, tun canjin 2007 da aka yanke sifili huɗu, sidi 10,000 ya zama 1, shi ne ta ƙara abinta a ɓoye. Guɗar da Hajiya ta rangaɗa, ina jin har Asawase an ji.

Godiya ga Malam Liman da ya ba mu barandar makarantar allo muka yi mako biyu muna darasi a kan tabarma, da samarinmu biyu masu karatu a Tech, wato jami'ar KNUST, da suka ara mana kwamfutocinsu alhali su ma jarrabawa na gabansu, da shugabar makarantarmu, da iyayen da suka rufe rumfunansu a kasuwar Kejetia ranar ciniki suka zo. Allah Ya mayar muku da ninkin abin da kuka rasa, Ya sa albarka a nemanku, Ya raba ku da ruwan dare da gobara, Ya nuna mana BECE ɗin yaran nan, jarrabawarsu ta gama JHS, baɗi da rai da lafiya. Uwargida kuma, wadda ta yi mako uku tana ajiye tuwo yana hucewa, tawa godiyar a gida zan yi.

'Yan'uwa na jini da ke nan cikin Kumasi, kuɗin motar trotro ɗaya tsakaninmu, na ga saƙonninku na "Allah Ya kyauta", na gode. Kujerun da na ajiye muku a gaba, da na ga azahar ta yi, iyayen yara na ba.

Ranar Litinin akwai darasi ƙarfe bakwai da rabi, a ajinmu, ya bushe. Kowa ya zo da littafin lissafinsa. Akwai kuma baƙar lema da cajar waya da aka manta a wurin taro, suna hannuna.